Anti, Dayari Uku Na Saya Duk Na Watsar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni dai shekara uku kenan duk farkon shekara sai na sayi dayari mai kyau nace zan dinga rubuta abinda ya faru dani kullum, sai nayi sati ɗaya ko biyu ina cika shafi bibbiyu a dare, daga nan shikenan. Na bana ma kwana 9 kawai nayi. In na tsallake kwana uku sai naji bana son buɗewa don ban san ta ina zan rama ba. Kuma gidanmu gidan yawa ne ina tsoron wani ya karanta. Ya zanyi? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh ai ke kika kashe kanki da shafi bibbiyun nan, kin ɗauko abin da zafi kamar mai rubuta jarabawa, dole ki gaji. Kuma wa yace miki ana ramawa? Dayari ba azumi bane balle kice akwai ramuwa a kanki. Ranar da ta wuce ta wuce, ki buɗe sabon shafi kisa kwanan watan yau ki cigaba abinki.

Ki duba mai shagon unguwarku da littafin bashinsa. Bai taɓa cewa yau bana jin rubutu ba, saboda layi ɗaya ne, wane ya karɓi sukari da madara, nawa, shikenan. Haka nake so ki fara, layi uku kacal, abinda ya faru da abinda ya tsaya miki a rai, ko da "yau an ɗauke wuta tun safe, nayi faɗa da Yaya, raina a ɓace" ne. Hamman Yaji hakimin Madagali yasa an dinga rubuta masa nasa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, mafi yawa 'yan layuka ne gajeru, kuma har yau masana tarihi na amfani dashi, duk da dai abinda ke ciki na hare-hare da kamun bayi ba abin sha'awa bane.

Sai maganar lokaci, wannan ita ce babba a wajena. Kar kice "in na samu sarari", wallahi sararin nan baya zuwa. Ki ɗaura shi a jikin abinda dama kina yi kullum ba fashi, misali kina idar da Isha'i kafin ki naɗe sallaya, littafin da biro suna nan gefe, kafin hannunki ya kai kan waya don in kika shiga WhatsApp an gama. Wata mai bincike Phillippa Lally a Landan ta bi mutane 96 dake ƙoƙarin sabawa da sabon abu, ta gano a tsakaice sai an kai wajen kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Kinga kwana 9 ɗinki ko hanya ba'a ɗauka ba.

Ni nawa ma ba dayari mai kwanan wata a buge bane, irin wannan shi yake sa mutum jin laifi in yaga fararen shafuka suna kallonsa. Littafin makaranta nake saya mai arha, in na ɓata ba asara.

Batun gidan yawa kuwa kina da gaskiya, na san wadda ƙanwar mijinta ta karanta nata aka kwana biyu ana shari'a a tsakar gida. Ki rubuta "Lissafin Cefane" a bangon, ba mai sha'awar buɗewa. Sunayen mutane kisa harafi ɗaya ko laƙabin da ke kaɗai kika sani, in kin iya ajami ki cakuɗa dashi, yaran yanzu da yawa basa iya karantawa. Abinda yayi nauyi sosai ki rubuta a takarda daban ki yaga bayan kin huce, ko kisa a waya ki kulle da lambar sirri.

Na banan nan kar ki jefar, ki ɗauko shi daren yau ki tsallake fararen shafukan. Bayan wata biyu ki sake rubuto min inji inda aka kwana.