Amsa ga ɗan'uwan da ke son gina tankin kifi a bayan gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da birkilanka ya gaya maka, wai bulo inci shida ya isa tunda tankin bai wuce mita ɗaya a tsayi ba, shi ne sak abin da nawa ya gaya min. Don girman Allah kada ka yarda.

Ka ce tsawonsa mita 3, faɗi mita 2, tsayi mita 1. In ka cika shi, lita 6,000 ke nan, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce, wato tan shida na ruwa. Tankin da aka haƙa, ƙasa ce ke tokare masa bango. Naka a saman ƙasa zai tsaya, ba abin da ke bayansa, kuma ruwa ya fi tura bango daga can gindi, wajen sahun bulo na farko da na biyu.

Ni fa har rodi na saya na ajiye wa birkilan nawa, na biya shi kuɗinsa cif. Ina wurin aiki ya jera bulo, bai sa rodi a kusurwa ba, bai cika ramukan bulon da kankare ba, ya bi da filasta ya yi sumul ya ce an gama. Kifina sun girma, sun kusa isa sayarwa, sai cikin dare na ji wata ƙara kamar an kayar da katanga. Ko da na fito, bango ɗaya ya rabu daga kusurwa ya kwanta, ruwa ya malale tsakar gida ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga gidan maƙwabcina. Tarwada ko'ina, suna birgima cikin laka da ɓaraguzan bulo, wasu bango ya danne su. Ni da iyalina muna tsinta da fitila muna zubawa a bokiti da baho, yara suna kuka. Da gari ya waye na ɗaga fasasshen bulo na ga cikinsa wayam. Na kira shi, wayarsa a kashe. Ranar da na same shi ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ni na cika ruwa da yawa. Tankin kifi, a ce an cika masa ruwa da yawa! Rodina kuwa bai dawo da ko sanda ɗaya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanda na sake ginawa bulo inci tara ne, an cika kowane rami da kankare, ga ginshiƙi mai rodi a kowace kusurwa da tsakiyar dogon bango, sannan aka ɗaure saman da kankare mai rodi ya zagaye duka. A haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, kada a ɗora a kan ciko. Ranar zuba kankare ka bar duk abin da kake yi ka tsaya a kansu.

Batun zuba kifi mako ɗaya bayan filasta da ka ce birkilanka ya ba ka shawara, shi ma a'a. Kankare sai ya yi wajen kwana 28 ana yayyafa masa ruwa kafin ya yi ƙarfinsa. Sabon siminti kuma yana sakin wani sinadari mai kaifi a ruwa, yana ƙona fatar kifi da sassan da suke numfashi da su. Ka cika, ka bar shi ya kwana biyu, ka zubar, ka wanke, ka maimaita sau da yawa. A nan ne ma za ka gane ko yana yoyo. In za ka fara, gwada da 'yan kaɗan tukuna.

Kada in manta, daɓen ya ɗan gangara zuwa wajen bututun fitar da ruwa, kuma a sa bututun tun kafin a zuba kankare. Fasa bango daga baya shi ke kawo yoyon da ba ya jin magani. Ka kuma san inda ruwan zai bi, saboda ruwan kifi yana wari, ni sai da na daɗe ina gyara tsakanina da maƙwabcin nan, mutumin kirki ne amma katifarsa da kayansa sun jiƙe a daren.

In kana da ƙananan yara ka yi masa murfin raga mai ƙarfi. Yaro zai jawo kujera ya leƙa, kuma ragar za ta hana tsuntsaye ɗauka, ta hana kifin tsallowa. Ka yi rumfa a kan rabinsa, don tankin da ke saman ƙasa ya fi saurin ɗaukar zafi da sanyi, amma ka nisanci gindin bishiya, saiwa na fasa daɓe, ganye na ruɓewa a ruwa. In ruwan famfo za ka yi amfani da shi mai sinadarin kulorin, ka tara shi ya kwana kafin ka zuba.

Kafin su zuba kankaren nan ka turo mana hoton rodin a nan mu gani. Allah Ya sa albarka.