Kwamfutocin buro sun ƙi hawa wifi bayan ɗaukewar kuran: ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke kula da rezo a wani buro da ke Sabon Gari, nan Zinder. Wifi ɗinmu kowa da sunansa da kod ɗinsa na Active Directory (kundin asusun ma'aikata na Windows, wato domen) yake shiga, ta hanyar sarwar NPS mai tantance masu shiga. Ƙarshen mako an daɗe babu kuran har ondilar, wato batirin da ke riƙe na'urori in babu kuran, ta mutu. Ranar Litinin duk kwamfutocin hannu suka ƙi hawa wifi, amma in na sa musu wayar rezo suna aiki, kuma wasu salulolin suna shiga lafiya. Na canza wa mutane kod, ban ga sauyi ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka dakata da canza kod. Duk salular da ta riƙe tsohon kod za ta yi ta gwada shi ita kaɗai har domen ya kulle asusun mai ita, ka ga an ƙara wata matsala kan wadda ake ciki. In ka ga lamba 4740 a rajistar tsaro ta sarwar domen, to hakan ta riga ta faru, sai ka buɗe asusun kuma a goge tsohon kod daga salular.

Akwatin wifi da ke maƙale a bango bai san kowa ba. Kamar mai gadi yake a bakin ƙofa: ya karɓi sunanka, ya miƙa wa NPS ta hanyar RADIUS, yaren da suke magana da shi tsakaninsu, a tashar UDP 1812, ita kuma NPS ta tambayi Active Directory, amsar da ta dawo da ita yake aiki. Tunda ka ce wasu salulolin suna shiga, ka riga ka wanke abubuwa da dama ba tare da ka sani ba. Akwatin yana isa ga NPS, kalmar sirrin da ke tsakaninsu daidai take, kuma NPS tana magana da domen. Aikin waya kuwa bai gaya mana komai ba, don a yawancin buro ba a tantance mutum a kan waya, kuma Windows tana barinka ka buɗe kwamfuta da kod ɗin da ta adana ko babu rezo.

Saboda haka ka bar kwamfutocin ma'aikata, ka je ka zauna gaban sarwar NPS. Ka buɗe Observateur d'événements, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ka shiga rajistar tsaro, ka sa wani ya gwada shiga wifi a lokacin da kake kallo. In an karɓe shi za ka ga 6272, in an ƙi shi 6273. Ka buɗe ta 6273 ka gangara can ƙasa, akwai lambar dalili. Ita ce duk maganar. 16 na nufin suna ko kod bai dace ba, 36 an kulle asusu, 48 babu dokar da buƙatar ta dace da ita, galibi don mutumin ko kwamfutar ba ta cikin rukunin da aka sa a dokar, 65 kuma an hana shi shiga daga cikin asusunsa na domen. In ka ga 265, kwamfutar ce ta ƙi amincewa da hukumar da ta ba sarwar sartifika, wato takardar shaidar da ke tabbatar da cewa sarwar ta gaskiya ce.

Zatona ya fi ƙarfi kan sartifika da agogo, kuma ga dalili. A tsarin PEAP, wato hanyar shiga wifi da suna da kod, kafin kwamfuta ta miƙa kod sai sarwar ta nuna mata sartifikarta, ita kuma ta duba wanda ya sa hannu da kwanan watan farawa da na ƙarewa, da agogon da ke jikinta take auna wannan. Sarwar da ta mutu gaba ɗaya, in ƙaramin batirin nan CR2032 da ke kan allonta ya ƙare, tana iya tashi da shekarar da ba ita ba. Kwamfutocin domen kuwa daga sarwar domen suke ɗaukar lokaci, don haka tana iya ɓata musu nasu, musamman da ka yi ta sa musu waya. Salula daga rezon kamfanin waya take samun lokacinta, kuma tsofaffin Android da yawa an saita su ne kan kada su duba sartifika sam, shi ya sa suke wucewa. Ka duba kwanan wata da awa a sarwar domen, da NPS, da kwamfuta ɗaya daga cikin masu matsalar, ka tabbata yankin lokaci na Nijar ne, awa ɗaya gaban GMT. Bambancin da ya wuce minti 5 ya isa Kerberos, tsarin da domen ke tantance mutane da shi, ya fara ƙin aiki. In ka gyara na sarwar, ka buga w32tm /resync a kwamfutar tana kan waya, sannan ka sayi sabon batiri, in ba haka ba ɗaukewar kuran ta gaba za ta maido da kai nan.

In agogo lafiya lau, ka shiga dokar wifi a NPS, ka buɗe saitin PEAP ka ga wace sartifika aka zaɓa da ranar ƙarewarta. Yakan faru an sabunta sartifika, NPS ta ɗauki wata dabam wadda kwamfutocin ba su san mai sa mata hannu ba, ko sunan da ke cikinta ya saɓa da sunan sarwar da aka rubuta a GPO na wifi, wato saitin da domen ke tura wa kwamfutoci. Ka zaɓi wadda ta dace, ka sake tada NPS.

Akwai gyaran da za a ba ka shawara, wai ka cire alamar duba sartifika a kwamfutocin. Zai yi aiki nan take, amma ina roƙonka kada ka yi. Duk wanda ya ajiye ƙaramin akwati kusa da katangarku mai sunan wifi irin naku, kwamfutocin za su miƙa masa amsar MSCHAPv2, wato shaidar kod da ake aikawa cikin PEAP, wadda aka nuna tun 2012 cewa ana iya fasa ta. Kuma wannan kod ɗin shi ne na wasiƙun ma'aikaci da takardun buro duka. Google ma ta cire zaɓin kada a duba sartifika daga Android 11 a salulolinta na Pixel a Disamban 2020. Salulolin nan da ke shiga yanzu ba tare da dubawa ba su ma suna bukatar ka sa musu sartifikar hukumarku.

Wani abu da zai iya haɗuwa da ɗaukewar kuran bisa katari shi ne sabuntawar Windows. Tun daga Windows 11 22H2 ta 2022, Credential Guard, tsarin da ke kare kod ɗin shiga a Windows, yana kunnuwa da kansa a bugun Enterprise da Education, kuma yana hana kwamfuta miƙa kod ɗin domen kai tsaye ta MSCHAPv2. Alamarsa ita ce wifi ya ƙi hawa da kansa, amma in mutum ya buga suna da kod da hannu sai ya shiga. Maganin dindindin shi ne komawa EAP-TLS, kowace kwamfuta da sartifikarta da domen ke raba mata, babu kod a wifi kwata-kwata.

In wata rana ka duba ba ka ga 6272 ko 6273 ba, buƙatar ba ta ma kai ga tantancewa ba. Ka leƙa rajistar Système: lamba 13 daga NPS na nufin akwatin ya tashi da adireshin IP da ba a san shi da shi ba, 18 kuma kalmar sirrin RADIUS ce ta saɓa. Ka ba kowane akwati adireshi tsayayye tun yanzu. Ka aiko mini da lambar dalilin da ka gani, da rahoton da netsh wlan show wlanreport ya fitar a kwamfuta ɗaya, bayan ka goge sunayen ma'aikata.