Amsa ga Sabi'u kan haƙorin da ya tsinta a bakin Dilimi

Sabi'u, yarona, na ga saƙonka da hoton haƙorin da ka ce ya fito maka cikin kwanon wankin kuza a bakin rafin Dilimi bayan ruwan makon jiya. Ka tambaye ni ko na wata dabbar zamanin dā ce wadda ya riga ya zama dutse, domin baƙi ne wuluk kuma yana da nauyi a hannu, har wani dillali ya taya shi. Kada ka sayar tukuna, kuma kada ka kankare shi.

Abin da nake so ka fara koya shi ne, duk haƙorin da aka tsinta a rafin da ya ratsa gari, a ɗauke shi na saniya ne har sai ya nuna ba haka ba. Rafin nan yana kwasar abin da mahauta da masu farfesun kai suka zubar, kuma ƙasarmu ta Filato mai tsami ce, tana cin ƙashi. Shi ya sa haƙar kuza ta fito da mutum-mutumin yumɓu na Nok tun 1928, ta fito da gatura na dutse a Mai Idon Toro, amma ƙasusuwan dabbobin da suka rayu tare da masu waɗannan kaya ba kasafai ake ganin su ba. A yankin Sakkwato, wajen Dange da Wurno, inda duwatsun suke da farar ƙasa, nan ne ƙashi yake daɗewa.

Baƙin launi kuwa ba shaida ba ne. Laka mai ƙarfe a cikinta tana iya rina haƙorin saniya cikin 'yan shekaru har ka rantse ya fi kakanka tsufa. Nauyi ya fi launi gaskiya, domin haƙorin da ya zama dutse ma'adinai sun cike duk ƙananan ƙofofinsa, musamman a saiwa. Ka samo turmin saniya, wato haƙorin tauna, mai girmansa a wajen mahauci, ka bar shi ya bushe, ka riƙe ɗaya a kowane hannu, sannan ka ƙwanƙwasa saiwar kowanne da cokali a hankali. Sabon yana amsawa da murya a dushe kamar itace, tsohon kuma yana ƙara kamar tangaran. Akwai masu gasa allura su ɗora a gindin saiwa, idan ya yi ƙaurin gashi to da sauran danshin rai a cikinsa. Gwajin yana aiki, amma yana barin tabo, saboda haka ni ba na yin sa sai komai ya ƙi.

Sanin mai haƙorin shi ne aikin da ya fi daɗi, kuma a fuskar tauna ake karanta shi, domin kowace dabba abincinta ne ya sassaƙa mata baki. Ka juya shi fuskar ta kalli haske, ka bi layukan farin ɓawon nan mai ƙyalli, wanda ya fi komai tauri a jikin dabba. Masu tuƙa, wato saniya da ɓauna da gwanki da akuya, layukansu suna lanƙwasa kamar jinjirin wata. Na doki da jaki dogo ne kamar ginshiƙi mai kusurwa huɗu, layukansa a murɗe suke ciki da waje kamar zanen ƙwarya. Turmin dorina idan ya goge da tauna yakan fito da siffar ganye mai kunne uku, biyu-biyu suna fuskantar juna. Na giwa ba ya ɓuya, faranti-faranti ne a jere an manne su, kuma a giwar Afirka kowane faranti ya fi faɗi a tsakiya ya tsuke a gefe biyu. Turmin ƙarshe na gadu kamar an ɗaure ƙananan bututu da yawa wuri guda. Kura da zaki ba su da fuskar niƙa irin wannan, nasu kaifi ne mai yanka kamar almakashi, sai dai kura tana da wasu masu kauri na fasa ƙashi. Idan kuma ka ga tsini guda mai rami a gindi, babu rassan saiwa, ka tuna da kada, wanda ba ya cikin dabbobi masu shayarwa.

Naka, a hoton da ka turo, na ga jinjirin wata huɗu, biyu gaba biyu baya, da saiwa uku, da wani siririn ginshiƙi a tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen harshe. Wannan turmin sama ne na babbar dabba mai tuƙa, ko saniya ko ɓauna. Rarrabe waɗannan biyun da haƙori guda yana ba gwanaye ma wahala, sai an auna tsawo da faɗi an gwada da waɗanda aka san masu su.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne ba ka faɗi daidai inda ya fito ba. Shin daga yashin saman da ruwa ya kawo ne, ko daga tsakuwar ƙasan rami wadda ke kwance kan dutse, inda kuzar take? Idan daga sama ne, zancen ya kusa ƙarewa. Idan daga ƙasa ne, to zurfin ramin da irin ƙasar da ta lulluɓe shi da abin da ke kusa da shi sun fi haƙorin kansa daraja. Masana sukan kira abu burbushin dā idan ya haura shekara 10,000, kuma awon kabon da suke yi don sanin shekarun ƙashi ba ya wuce kimanin shekara 50,000, bayan nan ƙasa da maƙwabtan ƙashi ake tambaya. A Cadi, lokacin da aka gano ƙoƙon kan Tumai, wani daɗaɗɗen dangin ɗan Adam, a 2001, burbushin dabbobin da ke kewaye da shi, irin su dangin dorina da na giwa, su suka fara nuna cewa ya kai shekara miliyan 6 zuwa 7.

Ina saurayi na taɓa samun wani babban turmi a ƙasan rami, na goge shi da burushin waya, na shanya shi a kan kwanon ɗaki. Kafin la'asar ya tsage gida uku, ɓawonsa ya zube mini a tafin hannu kamar ɓawon gyaɗa, kuma ko ramin ban riƙe ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, shi ya sa nake matsa maka.

Ka naɗe shi a tsumma mai tsabta, ka ajiye a inuwa ya sha iska a hankali, lakar da ke tsakanin saiwoyin ka bar ta yadda take. Ka koma wurin ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da zurfi a takarda ka haɗa da shi. Ranar Litinin ka zo da shi da na mahaucin mu auna tare, idan ya ci gwajin nauyi sai mu kai shi Gidan Tarihi na Jos, wanda tun buɗe shi a 1952 yake adana abin da masu kuza suka tono, su duba mana.