Ina Ruwan Zai Zuba?

Ɗana, wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso tun daren Laraba, ƙanwarka ce ta karanta mini a waya, don idon nan ya daina son ƙananan rubutu. Da ta kawo wurin da kake cewa wai wani abokin aikinka a Abuja ya gaya maka al'ada ta hana rufin ɗa ya fi na ubansa tsawo, kana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa ka ci gaba da dogon rufin nan mai yayyafin tsakuwa da ake yayi, sai da na murmusa. Goggonka ma ta yi dariya daga madafa. Amma da na kwanta barci bai zo da wuri ba. Ka kai ginin nan na unguwar Rikkos a nan Jos har linta, a jikin gidan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka yi shawara da mai zane, ka yi da mai sayar da kwano, al'adar gidanku kuwa sai a bakin abokin aiki ka tsince ta.

Ni dai ban taɓa ganin an ɗauko igiya ana auna rufin ɗa da na uba ba. Abin da na gani da idona shi zan gaya maka.

Gidanmu na Gangare soro ne. Kakanka da ya baro ƙasar Kano ya zo Jos aikin kuza, da ginin garinsu ya zo a kansa: tubali, azara, ƙasa. Azarar nan daga namijin giginya ake faskara ta, gara ba ta cinta, har yau akwai wadda ta girme ni tana nan daram a tsofaffin gidaje. Aibinta ɗaya, ba ta son nisa. In ta wuce kamar mita 2 ba abin tokara sai ta sunkuya, shi ya sa ɗakunan da suke matsattsu, sai mai hali ke kiran gwani ya yi masa baka ko ɗaurin guga, wato rufin da ake lanƙwasa azara ta ɗauki faffaɗan ɗaki. Sau nawa ka kai yara gidan namun daji ka wuce gidan tarihi? A harabarsa an gina kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina na asalin. Ka shiga wata rana ka ɗaga kai ka ga abin da ƙasa da azara suke iya ɗauka.

Da hunturu babu kamar soro. Ka san sanyin Jos a Disamba, ruwan randa kamar ya yanke maka yatsu, amma kana shiga ɗakin kakarka sai ka ji ɗumi ya rufe ka. Da bazara kuma ya yi sanyi. Sai dai daminar Jos ba ta Kano ba ce, tun Afrilu ake farawa har Oktoba, don haka duk shekara sai an hau an yi yaɓe, a kwaɓa makuba, a share indararo. Ni ne mai hawa, kuma ban ƙaunar aikin nan ko kaɗan.

Sai ga shekarar 1975, aka biya kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata. Ina ƙaramin ma'aikaci a reluwe, aka damƙa mini ariyas ɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba. Abokaina wasu suka sayi babur, wasu rediyo, wasu suka ƙara aure. Ni na ce kwano. A lokacin da gidan kwano ake kwatance, a ce in ka wuce gidan kwano ka sha kwana. Na sayo bandir-bandir da katako na jibge a ƙofar gida, sannan na shiga zaure na gaya wa kakanka, ka ji fa, bayan na saya. Yana zaune a buzu da carbi a hannu. Bai hana ni ba. Ya ce, "Ina ruwan zai zuba?" Na ce ƙasa mana, Baba. Ya ce, "Ƙasar wa?" Da ya ga na yi shiru sai ya ce soro bakinsa ɗaya ne, indararo, kai ke juya shi inda ka ga dama, kwano kuwa duk gefensa baki ne. Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Na sa kafinta ya ɗaga gaban ɗakina sosai don a hango shi daga titi, ya kwantar da gangaren ta baya. A bayan nan kuwa lungu ne da bai fi taku biyu ba, sai katangar maƙwabcinmu, ta ƙasa, a jikinta madafar matarsa take. Ba mu yi silin ba, kuɗin bai kai ba.

Cikin watan Mayu, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta fara, sai ƙanƙara. Ɗana, ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Kamar ana juye tsakuwa daga tifa a kanmu. Mahaifinka yana gefena yana magana, bakinsa kawai nake gani yana motsi. Kakarka da ta shigo ganin sabon ɗaki ta toshe kunne tana salati, ta ratsa ruwan ta koma soronta. Yara suna tsintar ƙanƙara a kwanon sha suna murna. Da ƙanƙarar ta wuce ruwa ya tsaya sosai, ya kwana yana zuba, kuma duk abin da ya sauka a kwanona sai ya taru ya kwarara a gindin katangar bawan Allah nan.

Gab da asuba muka ji rim. Katangar ta zauna, ta haɗa da madafar, da tukwane, da buhunan masara, da akuya da 'ya'yanta biyu. Akwai wata 'yarsu ƙarama da takan kwana a madafar in ana sanyi saboda ɗumin murhu. Daren nan uwarta ta ɗauke ta don tana zazzaɓi. Shekara hamsin ke nan, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Aka je masallaci. Maƙwabcin ya tsaya sahu kafaɗa da kafaɗa da kakanka. Da aka sallame aka gaisa, kakanka ya ce masa yaya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Bai ƙara ko kalma ba, ya ɗauki takalminsa ya tafi kwashe ƙasa. A hanyar gida kakanka ya ce, "Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi." Ni kuwa ko tsawa bai yi mini ba. Ya sa aka cire kwanon aka juyo gangaren cikin tsakar gidanmu, sannan ya ce katangar ni zan kwaɓa ƙasarta. Na ce zan biya magini da leburori. Ya ce magini zai ɗora, amma tubalin daga hannuna zai fito. Ka san wahalar busar da tubali da damina? Sai a rumfa, ana rufewa ana buɗewa. Sama da wata guda ina tashi daga aiki in tuɓe riga in shiga kwaɓa, mutanen unguwa suna wucewa suna yi mini sannu. Ragowar Udojin ya tafi a masara da akuya. Kakarka kuwa ta samu abin faɗi har ta rasu, takan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma maƙwabci ne ya san inda kake masa yoyo.

To ka ga, a da ɗa a cikin gidan ubansa yake gini. Ɗakin da ya fi tsawo shi ke zubar wa na ƙasa ruwa, shi ke tare masa hantsi da hunturu, kuma wanda ya hau kansa yana ganin cikin gida. Shi ya sa ba a hawa rufi sai an aiki yaro gidajen maƙwabta ya yi sallama ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Yanzu fa? Sai dai ka ɗaga kai ka ga kafinta a bisa kanka yana amsa waya, iyalinka suna tsakar gida.

Na ga irin rufin da kake so lokacin da na zo muku Kubwa. Rufi ya fi ɗakin tsawo, kuɗin da ya ci ya isa a ƙara ɗaki biyu, kuma ba mai kwana a ciki sai jemage. Ban ce mai tsakuwar ba shi da amfani ba. Na gasken yana kashe ƙarar ƙanƙara, kuma Jos garin ƙanƙara ne. Amma araha ba ta ado, na jabun damina biyu tsakuwar ta wanke ta taru a tankin da Hajiyarka ke tarar ruwa. In dogon kwanon alminiyam za ka yi, kada ka tsaya a abin da aka rubuta a rasit. In an ce maka kaurinsa milimita 0.55 ne, ka sa a auna kaurin a gabanka, don marar kauri ƙanƙara guda ke mayar da shi kamar tsohuwar tasa. Wannan ɓoyayyen rufin da ake zagaye shi da bango kuwa, na ga gidan da ganye da ƙanƙara suka toshe masa magudana, ruwa ya rasa hanya ya sauko ta silin. Katako kuma ka je Kasuwar Katako da ƙafarka, ka zaɓi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Ku yaran yanzu komai sai a hoto a WhatsApp, har abin da za ku kwana a ƙarƙashinsa shekara talatin.

Ka taɓa tambayar Hajiyarka inda take shimfiɗa tabarma ta sha hantsi da sanyi? Ni na sani, a gindin bangon gabas ne, daidai inda gininka ya tashi. Ba za ta faɗa maka ba ko ka tambaya a waya, za ta ce Allah ya sa albarka. Mutumin da ke bayanka kuma, mai katangar da ba a yi wa filasta ba, ban ji ka ce kun gaisa ba tun da aka haƙa tushe.

Kada ka biya kuɗin kwanon tukuna. Ka zo ƙarshen wata, ka taho da goro, mu shiga wurin mutumin tare, sannan mu zagaya bayan ginin da kafintan ya nuna mana inda zai kwantar da gangaren. Maganar tsawo ma ƙarasa a can. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce wa ƙaramin ina nan ina ajiye masa dankalin da na yi alkawari.

Baffanka.