Daga aikin ƙungiya zuwa koyarwa a jami'a: in sayi ƙasidu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata bakwai ina aiki da ƙungiyoyin agaji tsakanin Anka da Gusau, a ɓangaren ciyar da yara masu tamowa da kula da 'yan gudun hijira. Ina da digiri na biyu a nazarin ci gaban al'umma. Kuɗin masu tallafi sun ja baya, kwangilata ta kusa ƙarewa, ina so in koma koyarwa a jami'a, amma ba ni da ƙasida ko ɗaya a mujalla. Wani ya ce in biya shi, zai saka sunana a ƙasidu biyar cikin wata biyu. Hankalina bai kwanta ba, ga shi shekaru na tafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da digiri na biyu, a matsayin Mataimakin Lakcara za a ɗauke ka, kuma a wannan matakin babu mai neman ƙasidu biyar a hannunka. Mai digiri na uku shi ke farawa daga Lakcara II, kuma ba a kaiwa Babban Lakcara sai da shi. Fanninka ba kasafai yake da sashe nasa ba, don haka a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi ka nufi sashen da ya dace da digirinka na farko: nazarin zamantakewa, tattalin arziki ko kimiyyar siyasa.

To, batun mutumin nan naka. Kada ka ba shi ko sisi. Wannan tunanin na cewa ƙasida ƙirga ta ake yi kamar buhunan shinkafa a kasuwar Argungu ya kashe gaban matasa da yawa, kuma 'yan damfara sun maishe shi sana'a. Abu biyu yake sayarwa. Ko dai mujallar bogi, wadda za ka tura mata rubutu ranar Litinin, Alhamis ta aiko da takardar amincewa haɗe da lambar asusun banki. Buɗe fitowa ɗaya ka gani: kiwon kaji, gyaran injin, nahawun Larabci, duk a jere, ga jerin editoci waɗanda wasunsu ba su ma san an saka sunansu ba. Ko kuma gurbin suna a aikin wani, ka tarar da kanka na bakwai cikin marubuta tara a kan binciken da ba ka taɓa gani ba. Mujallar ƙwarai tana tura rubutu ga masana biyu ko fiye, su yi watanni, ya dawo da gyare-gyare har ranka ya ɓaci. Wasu na ƙwaran ma suna karɓar kuɗi, amma kuɗin ba ya sayen amincewa.

Yaya asiri ke tonuwa? A wurin ganawar ɗaukar aiki wani Farfesa zai ɗaga ƙasida ɗaya ya ce, "Malam, ta yaya kuka zaɓi gidajen da kuka tambaya?" Shi ke nan. In ma ka tsallake, ranar da za ka nemi matsayin Rida (matakin da ke ƙasa da Farfesa) ko Farfesa ana tura ayyukanka ga masu tantancewa na wasu jami'o'i, kuma waɗannan biyar ɗin suna nan a intanet da sunanka, ba ka da ikon goge su. Kafin ka tura wa kowace mujalla, ka nemi sunanta da kanka a cikin shafin Scopus, DOAJ ko AJOL, wato shafukan intanet da ke jera mujallun da aka tantance. Tambarin da ta liƙa a shafinta ba shaida ba ne, kowa na iya kwafowa.

Abin takaicin shi ne kana riƙe da abin da malamai da yawa ba su da shi: ka san hanyar shiga ƙauyukan da baƙo ba ya shiga yanzu. Gubar dalmar 2010 a ƙauyukan Dareta, Yargalma da Bagega na jihar Zamfara ta fito a manyan mujallun duniya ne saboda ma'aikatan fili sun haɗa hannu da masu bincike. Sai dai bayanan da ka tattara wa ƙungiya nata ne, sai da izininta a rubuce, tun kafin ka ajiye aiki. Rahoton da ka rubuta wa masu tallafi kuma ba ƙasida ba ne. Sabon bincike yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka yi wa mutum ɗaya tambaya, musamman da yake yara ne da 'yan gudun hijira.

Ka nemi gurbin digiri na uku a Sakkwato, Zariya ko Kano, ka je wa malamin da zai duba ka da tambaya ɗaya tak da shafi uku a rubuce. TETFund, wato hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ba ta tallafa wa mutum sai ya riga ya zama ma'aikacin babbar makarantar gwamnati. Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, nauyin digiri na biyu take ɗauka, ka riga ka wuce nan. Ka duba tallafin karatu na Commonwealth da na DAAD ta Jamus, ka kuma karɓi takardun shaida daga shugabanninka yanzu, tun ofis bai rufe ba.