Tambaya da Amsa: Ɗura wa Ƙasa Siminti Kafin Fandisho

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi fili a Kurna, sai maƙwabta suka ce da can kududdufi ne aka cike. Bene nake son ginawa. An ce ana ɗura wa ƙasa siminti da inji ta yi ƙarfi. Zai yi min? Daga mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ana yi, amma ba kowace ƙasa ke shan ɗura ba, shi ya sa gwajin ƙasa ne farko. Yashi mai gwari-gwari da tsakuwa suna sha, don akwai ƙofofi a tsakaninsu. Laka kuwa ba ta sha. Ruwan simintin tsaga ta zai yi, ya bi hanya ɗaya ya tafi.

Ana huda ramuka, tazarar mita 1 zuwa 2, har a kai ƙasa mai tauri, a zura bututu, a toshe bakin ramin. Kwaɓin da aka fi yi shi ne buhu ɗaya mai kilo 50 da ruwa lita 50, wato jarka biyu, ana juyawa ba tsayawa don kada simintin ya kwanta ya toshe tiyo. Daga gindin rami ake farawa, ana jan bututun sama rabin mita rabin mita. A fara da ramukan gefe, su zama katanga, sannan na tsakiya.

Ɓarnar a wajen matsi take, wato ƙarfin da inji ke tura ruwan simintin da shi. Kada ya wuce kimanin kilofaskal 20 (ma'aunin matsi ne) kan kowace mita ta zurfi. In ya wuce, ƙasa za ta kumbura, katangar maƙwabci ta tsage. In kuma rami yana ta sha amma agogon matsi bai motsa ba, a tsaya: simintin ya samu tsohuwar rijiya ko sokawe, abin da ba a rasawa a unguwanninmu. Bayan kwana 28 a sake gwaji.

Filinka dai, in da bola aka cike shi, ɗura asarar kuɗi ce. Leda ba ta kama siminti, shara kuma ruɓewa take ci gaba da yi, ƙasa na zaunawa. In cikon bai wuce mita 2 ba, a kwashe shi duka, a zuba marmara santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe da inji, sannan a ƙara wani. In ya fi haka zurfi, sai turakun kankare da za su taka ƙasa mai tauri. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ne zai yanke wannan, kafin ka kai zanen ginin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.