Shagon kilishi ba "innovation" ba ne a wurin hukumar Ingila

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Manchesta. Saura wata biyar bizarsa ta bayan karatu ta ƙare. Wani ejan ya nemi fam 6,000 don ya rubuta masa tsarin kasuwancin shagon kilishi da yaji, ya samo masa bizar Innovator Founder, wato bizar masu kafa kasuwanci da sabuwar dabara. Yayansa a Kano kuma ya matsa a sayar da filin gado a biya. Shi bai so a sayar ba, yana neman shawara.

Malam, ko sisi kada ka ba ejan nan. Tarkon yana cikin kalmar nan "innovation". Asalinta Latin ne, daga "novus", wato sabo. A da ma zagi ce: a 1548 Sarki Edward na Shida ya fitar da shela yana hana masu "innovate" a harkar ibada, kusan abin da muke kira bidi'a. Daga baya ta koma yabo, tana nufin ka kawo abin da babu irinsa, ka kai shi kasuwa har ya samu masu saye. Ejan ya fassara maka ita da "sabon shago". Shagonka sabo ne a gare ka, amma masu sayar da kayan abincinmu sun cika Ingila.

Tun Afrilun 2023 da aka fara wannan biza, sai wata hukumar tantancewa da gwamnati ta amince da ita ta ba ka takardar goyon baya. Abu uku take dubawa: sabuntar dabarar, ko za ta iya tsayawa da ƙafarta, da ko za ta bunƙasa ta ɗauki ma'aikata. Kuɗin tantancewar fam 1,000 ne, ita kake biya kai tsaye. Za su titsiye ka da tambayoyi, kuma nan waɗanda suka sayi tsarin kasuwanci ke faɗuwa, domin ana iya sayar wa mutane da yawa takarda guda, suna kawai a canja. In aka kama ƙarya a takardunka, haramcin shiga na iya kai shekara 10.

Tambayi ejan lambar rajistarsa ta IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, ko shaidar cewa lauya ne. In ya fara kame-kame, ka gama da shi.

Batun Yaya kuwa, ina bayanka. Filin nan akwai haƙƙin ƙannenka mata a ciki, kuma ba Yaya ne zai kwana da fargabar kora ba. Ka kira shi cikin ladabi, ka ce a bar fili. Wata biyar ɗin nan ka zuba su wajen neman aiki a kamfanin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikaci. Jerin sunayensu yana shafin gwamnati, kyauta.